Ranar da Na Ga An Tare Hanya a Ingila

Tunda na dawo ban sha shayi da zafinsa ba a tashar Ƙaura. Da na kai kofi baki sai wani ya zauna kusa da ni, "Alhaji, wai yaya can ɗin take?" Na ba direbobin layin Shinkafi labari, na ba na layin Zurmi, har wani mai rake da ban sani ba ya tare ni yana tambaya ko gaskiya ne Turawa da sabulu suke wanke titi. Kowa kuma in ya tashi sai ya ƙara nasa gishirin, har na ji ana cewa wai mota aka ba ni na zagaye Ingila. To ga shi na sa a takarda, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Akwai wani yanki da ban taɓa faɗa a teburin mai shayi ba, shi ma yana ciki.

Shekara talatin da ɗaya ina tuƙin haya tsakanin Ƙaura, Shinkafi da Zurmi. Ɗana na fari, wanda a gida ake ce wa Ɗanlami, a hannuna ya koyi mota. Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, ita ta samu aiki a wani asibiti a Ingila, shi kuma ya bi ta, yana tuƙa motar raba kaya ta wani kanti. Allah ya ba su ɗa namiji, suka sa masa sunana, suka aiko mana da takardar gayyata ni da uwarsa, Hajiya.

Ranar tafiya ba mu bar Ƙaura ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Wanda ba ɗan hanya ba sai in yi masa bayani. A wajenmu yanzu direba ba agogo yake dubawa ba, ɗaya hannun titi yake duba. In motoci na zuwa daga gaba, hanya lafiya. In ka yi tafiya mai ɗan tsawo ba ka gamu da ko babur ba, to ka sha jinin jikinka, ka nemi ƙauye ka tsaya ko ka juya, don 'yan bindiga sun tare gaba. In kuwa ka riga ka shiga daji, ba ka da magani sai totur, rami ko ba rami. Da wannan karatun na ci abinci, da shi kuma nake raye. Wani yaron tasharmu ne ya kai mu Abuja, na yi ta gyara masa tuƙi tun daga Gusau har Hajiya ta ce ko in yi shiru ko a sauke ta.

Jirgi ba ni da abin faɗa a kansa, illa dai karo na farko ke nan da na zauna cikin abin hawa ban ga direba ba, kuma hakan bai yi min daɗi ba. Ma'aikatan jirgin sun kawo wani abinci a ɗan kwano mai murfin takarda, Hajiya ta buɗe, ta shinshina, ta rufe, ta ciro ƙuli-ƙuli daga jakarta.

A filin jirginsu wata ma'aikaciya ta duba fasfo ɗinmu, ta tambayi sana'ata. Na ce direba. Ta ce ko zan yi tuƙi a ƙasarsu? Na ce a'a, hutu na zo. Muka wuce ɗaukar kaya, sai ga wani ɗan kare mai dogon kunne ya zo ya zauna gaban jakar Hajiya kamar an aiko shi. Aka buɗe. Kilishin da na sa aka yi musamman, da man shanun mai jego, duk jami'an kwastan suka kwashe. Da jami'in ya kwance ƙullin daddawa sai da ya ja da baya, ya kira abokin aikinsa, suka yi shawara, suka ɗaure suka miƙo mana da sauri. Na tsaya a shinge ya fi a ƙirga a rayuwata, amma wannan ne na farko da aka karɓe min abu kuma aka ba ni haƙuri.

Ɗanlami na jiranmu a waje. Ya durƙusa ya gaishe mu a tsakiyar Turawa, na kau da kai yadda ya kamata, uwarsa ma ta yi kamar ba ta gan shi ba, sai hawaye da suka tona mata asiri. Da muka isa mota na buɗe ƙofar dama na zauna, sai na ga sitiyari a gabana.

"Baba, nan wurina na," ya ce yana danne dariya.

"Na sani. Dubawa nika yi ko kana kula da ita."

Muka hau babban titinsu. Layi huɗu ne zuwa, huɗu dawowa, da katanga a tsakiya, kwalta sumul babu ko tsaga. Ƙafata ta dama har ƙaiƙayi take yi. Can sai na ga an gitta wani ƙarfe a saman titin, kowane layi da allon wuta a kansa, an rubuta saba'in cikin jan da'ira. Muka ɗan taɓa gaba, wani ƙarfen ya ce sittin. Na gaba ya ce hamsin. Ɗanlami ya ɗaga ƙafa, duk motocin da ke gefenmu suka ɗaga, har da wata jar mota ƙasa-ƙasa wadda a wajenmu da tuni ta kai Sakkwato. Na duba gaba, babu rami, babu shanu, babu soja.

"Kai, mi ya hwaru? Mai ya ƙare?"

"A'a Baba, allon can na. Shi ka hwaɗin gudun da za a yi."

"Ai yanzu nig ga saba'in."

"Ya canza. Akwai cunkoso can gaba, ana so mu isa sannu-sannu don kar mu taru wuri guda."

"Wa yag ga cunkoson? Ni ban ga kowa ba."

Ya ce akwai na'urori a cikin kwaltar da kyamarori a kan ƙarafan, suna ƙirga motoci, akwai kuma mutane a wani ɗaki suna kallo. In layi ya samu matsala sai a sa masa jan kuros, wato alamar gicciye, ba mai shiga. Na ce to in mutum ya ƙi fa? Ya nuna min wani akwati ruwan ɗorawa a jikin ƙarfen, ya ce shi ke ɗaukar hoto, takarda ta iske ka har gida, a rubuta maka maki a lasin. Daga nan muryarsa ta sauya.

"Baba, ni sabon direba na a nan. Cikin shekara biyun farko, in maki ya kai shidda, amshe lasin aka yi, mutum ya koma jarrabawa tun daga farko. Ni ko ina da ukku, wata kyamara ta kama ni cikin gari bara. Saura wata huɗu in cika shekara biyun. In lasin ya tahi, aikina ya tahi."

Na ce Allah ya tsare. A raina kuwa cewa na yi, yaron da ya yi shekara uku yana tuƙi a hanyar Zurmi, yau fitila ke ba shi umarni.

Gidansu in ka miƙe hannu biyu ka kusa taɓa bango da bango. Ɗakin da aka ba mu yana sama, matakalar kuma tana kuka duk lokacin da na taka, kowa ya san sau nawa na sauko alwala. Tuwon wani farin gari ake yi, ba ya riƙe ciki, kafin la'asar na fara hamma. Mai jego dai ta yi bakin ƙoƙarinta, kullum sai ta durƙusa ta ajiye min kwano, ga jariri ga aikin gida. Takwarana kuwa na ɗauke shi na yi masa addu'a, ya yi min fitsari a babbar riga, aka ce ai ya san ni. Maƙwabta ba sa gaisuwa. Na yi kwana uku ina tsayawa ƙofar gida da safe ina ɗaga hannu, kowa sai ya yi ɗan murmushi ya ƙara sauri, kamar na ce zan roƙe shi wani abu.

Mutum ɗaya ne ya amsa, wani tsohon Bature mai jan kare da igiya. Sunansa ya ƙi zama a bakina, na sa masa Mai Kare. Ashe shi ma direba ne, shekara arba'in yana jan babbar mota kafin ya ajiye. Da ɗan Turancina na tasha da nasa haƙurin muka saba. Na gaya masa ra'ayina a kan allunansu, na ce ban taɓa jin inda aka ce a rage gudu don a isa da wuri ba. Ya ja ni har kicin ɗinsa, ya naɗe takarda kamar mazurari, ya ɗebo ɗanyar shinkafa a kofi ya juye gaba ɗaya. Ta toshe. Ya sake ɗebowa ya zuba a hankali, ta zube tas. Ya dube ni yana jiran in yi tafi.

Na ce masa shinkafa ba ta da fasinja mai sauri, kuma ba wanda ke jiran shinkafa a daji da bindiga. Ya yi dariya, yana tsammanin wasa nake. Amma da na koma ɗaki na tuna mararrabar tasharmu ranar kasuwa, yadda kowa ke kutsa kan motarsa don ya riga, har a kulle, a kashe inji, a fito ana zage-zage rana tana dukan kowa. Ni kaina na sha zama wanda ya sa kan motar ƙarshe da ta kulle wurin. Ban koma na gaya wa Mai Kare haka ba.

A mako na uku, ranar wata Asabar, muka shirya ziyarar wani ɗan Shinkafi da ke zaune a wani gari, tafiyar awa biyu. Ɗanlami na tuƙi, ina gefensa, Hajiya da mai jego da jariri suna baya. Rana ta fito, abin da ba kullum take yi ba a can, kowa na cikin nishaɗi. Muka yi kamar awa ɗaya, allo ya ce sittin, ya ce hamsin, ya ce arba'in. Na riga na saba.

Sai idona ya je ɗaya hannun. Ba ni na aike shi ba, shekaru ne suka koya masa. Layi huɗu, babu mota ko ɗaya. Na ce bari in ƙirga. Na ƙirga har sittin, ba abin da ya wuce. Na sake ƙirgawa. Titin da tun safe motoci ke zuba a kansa kamar ruwa ya koma fayau. Na dubi gabanmu, jajayen fitilun burki sun kama daga nan har inda ido ya tsaya. Can nesa kuma na hango mutane tsaye a tsakiyar kwalta.

Ban san yadda zan gaya muku ba. Na san a Ingila nake. In da za a tsayar da ni a tambaye ni, zan faɗi sunan ƙasar har da na garin. Amma idona dajin gida yake gani, na ji kukan jariri a baya. Layin hagu babu kowa a kansa, ga wata hanya da ta ratse ta fita daga titin ba nisa. Na daki gaban motar da tafin hannu.

"An tare hanya! Hwita layi! Taka, taka!"

Sau ɗaya na taɓa yi masa wannan tsawar, shekarun baya, a dajin da ke kafin Zurmi, yana tuƙi ina gefensa da fasinja tara. Ranar bai tambaye ni dalili ba, ya juya ya taka, motar da ke bayanmu ba ta samu juyawa ba, mutanenta sai bayan wata biyu aka ga waɗanda aka gani. To ranar Asabar ɗin nan ma bai tambaya ba. Kafin in rufe baki ya karya sitiyari ya faɗa layin hagu ya ba ta wuta. Muka wuce ƙarƙashin ƙarfen, na ɗaga kai na ga jan kuros a saman kanmu. Wani haske ya walƙa sau biyu a madubi.

Muka fita, ya samu wani gidan mai ya tsaya, ya kashe mota. Ya ɗora goshinsa a kan sitiyari. Mai jego ta duba wayarta, ta ce a hankali, ba ni take gaya wa ba, wai babbar mota ce ta faɗi a ɗaya hannun, aka tsayar da motocin can, aka rufe layin hagu na wannan hannun don motar asibiti ta samu wucewa. Mutanen da na hango ma'aikatan hanya ne.

"Sannu, sarkin direbobi," in ji Hajiya daga baya. "Ka tsirar da mu."

Ɗanlami ya ɗago ya ce, "Inna, ki bari." Ya tada mota muka ci gaba. Ɗan Shinkafin nan ya yanka mana kaji, ya yi ta tambayata labarin gida, ban san abin da na ci ba, ban san abin da na amsa ba.

Kwana tara takarda ta iso, farin ambulan mai ɗan taga. Ni kuwa na riga na shirya. Na sa a goge min babbar riga, na ce a nemo ɗan Shinkafi da limamin masallacin unguwar, mu je mu uku mu ga babban wurin mu ba da haƙuri. Ai ko a ina ne, in dattawa suka durƙusa ana duba furfura. Ɗanlami ya ce babu inda za a je. Ban yarda ba, na tafi wurin Mai Kare da takardar. Ya sa tabarau ya karanta, ya girgiza kai. Na ce ina ofishin? Ya ce adireshin akwatin gidan waya ne. Na ce to wa ya ɗauki hoton? Ya ce ba kowa. Na ce wa zai yanke hukuncin? Ya ce an riga an yanke, jan kuros maki uku ne, ko ɗan wane ne kai. Ƙasa guda, a ce babu mutum ɗaya da za ka kama ƙafarsa! A hanyarmu ko mai bindiga ana magana da shi.

Na dawo da dabara ta biyu. Takardar tana tambayar wanda ke tuƙi. Na ce a rubuta sunana, ai ni gida za ni, su biyo ni Ƙaura da makinsu.

"Baba, wannan ɗauri na a nan," ya ce. "Ni da kai duka. Kuma ni at tuƙi. Ƙahwata ta taka, ba taka ba."

Ya cike takardar da sunansa a gabana, ya fita ya jefa a akwati. Mai jego ba ta taɓa ce min uffan ba a kan maganar. Ta ci gaba da durƙusawa tana ajiye min kwano, tana tambaya ko gishiri ya ji. Wallahi da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Ranar komawa Ɗanlami ne ya kai mu filin jirgi, lasin bai riga ya tafi ba. Allo ya ce hamsin, ya yi hamsin, na zauna da hannuwana a cinya kamar baƙon kunya. A ƙofar shiga ya durƙusa. Maganar tana bakina, na ji ta a kan harshe. Amma mu ba a haka aka rene mu ba, ɗan fari ko sunansa ba ka kira, balle ka tsaya gabansa ka ce ya yafe maka. Na ce, "To, a kula da yaron." Na juya na bi Hajiya, wadda ba ta yi min magana ba har Abuja.

Bayan mun dawo da kamar wata biyu, Hajiya ta shigo da waya a hannu ta gaya min a tsaye. An karɓe lasin. Kantin sun ba wani motar. Yanzu yana ɗaukar kwali a wani sito, da keke yake zuwa cikin sanyin nan nasu, layin jarrabawar kuma sai an yi watanni ana jira. Ta ce ya hana a gaya min, ita ce ta ga ya kamata in sani. Na yi kwana huɗu ina ɗaukar waya ina ajiyewa.

A rana ta biyar shi ya kira. Ina kan hanyar Shinkafi da fasinja cike, an wuce gonakin gero an shiga inda daji ke matse titi. Akwai wani ɗan tudu a wurin da sabis ke kamawa. Na ga sunan, na danna, na sa a kunne da kafaɗa. Muka gaisa, na tambayi takwarana, ya ce ya fara zama. Na ce a raina yau ko fasinja na ji sai na faɗa.

"Kai, dama ina son in ce maka, wannan abin da ya hwaru..."

"Baba, ina kake? Iska nika ji."

"Hanyar Shinkahi."

"Kun wuce gonaki?"

"Mun wuce."

"Motoci na zuwa daga gaba?"

Na duba. "Guda ta wuce ɗazu."

"Nawa kaka gudu?"

Na saci kallon maleji. "Ɗari da ashirin."

Sai na ji ya ce, "To kar ka rage, Baba. Aje wayar ka riƙe da hannu biyu. In ka isa ka kira ni."

Na ajiye wayar a cinya, na riƙe sitiyari da hannu biyu, na ƙara taka ta. Wata tsohuwa a kujerar baya ta leƙo madubi ta ce, "Direba, wani abu ya shiga maka ido?" Na ce mata eh.